Ragar jijiyar zuciya: tsoron polima ya daɗe fiye da dalilinsa

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta tsuke ko ta toshe, sau da yawa ba sai an tsaga ƙirji ba. Majinyaci yana kwance idonsa biyu, wuyan hannunsa kawai aka kashe wa zafi. Likita ya huda jijiyar wurin, ya zura siririn bututu ya bi da shi ta dantse har bakin jijiyar zuciya, yana kallon tafiyarsa a allo. Ta cikin bututun zai tura wata waya da kaurinta bai kai rabin milimita ba, ta ratsa wurin da kitse ya cushe. A kan wayar ake zuro 'yar balan-balan wadda aka naɗe da ragar ƙarfe a tsuke. Da an kai daidai wurin sai a ɗura mata ruwa da ƙarfi, ta kumbura, ragar ta buɗe ta manne da bangon jijiya. A 'yan daƙiƙun nan jini yana tsayawa, majinyaci ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, likita ya ce masa, "Yi haƙuri Baba, yanzu zai sake ka." Sai a zuƙe ruwan, a zare balan-balan da waya da bututu. Ragar kuwa, wadda likitoci ke kira sitent, ta zauna ke nan har ƙarshen rayuwar mutum.

Kusan duk ragar da ake sakawa a yau tana ɗauke da magani. Dalili shi ne jijiya ba ta yafe miƙewar da aka yi mata da ƙarfi. Tana mayar da martani da tsiron nama, naman ya bi ta ramukan ragar ya sake tsuke hanyar cikin wata shida zuwa shekara. Maganin shi ke danne wannan tsiro. To amma magani ba ya zama a kan sulɓin ƙarfe, jini zai wanke shi cikin 'yan kwanaki, alhali ana bukatarsa makonni. Shi ya sa ake cuɗa shi da wani siririn shafi dangin roba, polima, wanda ke riƙe shi yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Akwai polimar da ke zama daram, akwai mai narkewa bayan watanni, sannan akwai ragar da aka ƙera ba tare da ita ba sam. Wannan ta ƙarshen ce ake yawan gabatarwa a matsayin wadda ta fi aminci, kuma maganar tana shiga kunne: an rage baƙon abu guda a cikin jiki, me zai hana a fi samun lafiya?

Ni ban yarda a zaɓar wa mutum abin da zai zauna a zuciyarsa bisa wannan hujja ba. Ragar da ba ta da polima raga ce mai kyau, wasu nau'o'inta sun yi rawar gani, kuma zan ba su haƙƙinsu. Sai dai fiye da shekara goma ana gwada ta kafaɗa da kafaɗa da ragogin zamani masu polima, ba ta nuna ta fi su hana mutuwa, bugun zuciya ko gudan jini ba, har a wani babban gwaji ta gaza su. Tsoron polima yana da asali na gaskiya, amma asalin nasa wasu ragogi ne da aka daina ƙerawa tuntuni.

Andreas Grüntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan, a birnin Zurik, cikin Satumbar 1977. Jijiyar kan sake tsukewa a wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na majinyata, wani lokaci ma ta rufe nan take. A 1986 Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Siwizalan suka fara saka ragar ƙarfe zalla, sake tsukewa ta sauko zuwa kashi 20 zuwa 30. A ƙarshen 1999 Eduardo Sousa ya saka raga ta farko mai maganin sirolimus a Burazil. Gwajin RAVEL, mai majinyata 238, ya gigita duniyar likitocin zuciya: bayan wata shida, ko mutum ɗaya bai sami sake tsukewa ba cikin masu raga mai magani, alhali kusan kashi 26 na masu ƙarfe zalla sun samu. Amurka ta amince da ragar Cypher a 2003, ta amince da Taxus a 2004, asibitoci suka rungume su hannu bibbiyu.

Sai ga taron likitocin zuciya na duniya a Basalona a 2006, inda aka gabatar da alƙaluman da ke nuna cewa sababbin ragogin na iya haddasa gudan jini bayan shekara ɗaya, biyu, ko fiye. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sake tsukewa a hankali take zuwa, mutum ya fara jin nauyin ƙirji idan ya hau matakala, ya koma asibiti a sake buɗewa. Gudan jini a cikin raga kuwa farat ɗaya yake rufe jijiya, ya zama babban bugun zuciya, da yawa kuma ba sa kai labari. Binciken da asibitocin Bern da Rotadam suka yi kan majinyata sama da 8,000 ya nuna ana samun irin wannan gudan a kusan kashi 0.6 cikin 100 kowace shekara, ba ya raguwa har shekara ta uku. A Amurka, Renu Virmani, likitar da ke binciken gawa, ta yi ta yanka jijiyoyin waɗanda suka rasu da ragar a jikinsu tana dubawa a madubin likita. Abin da ta gani shi ne sandunan ƙarfe a fili, fatar cikin jijiya ba ta rufe su ba ko bayan shekaru, ga ragowar gudan jini manne da su, ga ƙwayoyin kumburi irin na borin jini sun taru a gefen shafin. Tun da a ragar Cypher magani ya riga ya ƙare a lokacin, yatsa ya nufi abin da ya rage, wato polima. Aka tsawaita shan maganin tsinka jini guda biyu zuwa shekara cur, amfani da raga mai magani ya faɗi ƙasa.

Zargin yana da tushe, ban musa ba. Amma ragogin nan na farko laifinsu ya fi ɗaya. Sandunansu masu kauri ne, na Cypher maikuron 140, wato kusan ninki biyu na kaurin gashin kai, na Taxus ma bai gaza 130 ba. Sanda mai kauri tana dagula gudun jini a bayanta, tana kuma wahalar da fatar jijiya wajen hawa ta rufe ta. Maganin Taxus mai tsanani ne ga ƙwayoyin jiki. Shafin nasu ma mai kauri ne. Aka tattara wannan duka aka ɗora wa polima, sunan ya bi ta har yau. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Masu ƙera raga sun rabu gida biyu bayan 2006. Wasu suka ce a kawar da polima, ko ta narke ko kada a saka ta tun farko. Wasu suka ce a gyara ta. Gida na biyun ne ya fitar da Xience, wadda Amurka ta amince da ita a 2008: ƙarfen kobal da kuromiyam, sanda mai maikuron 81, maganin eberolimus, da siririn shafi mai sinadarin fulorin. Abin da ya biyo baya ya rushe lissafin kowa. A gwajin EXAMINATION da aka yi akasari a Sifen, kan mutum 1,498 da aka kawo cikin tsakiyar bugun zuciya, tabbataccen gudan jini a shekarar farko ya kama kashi 0.5 na masu Xience, da kashi 1.9 na masu ƙarfe zalla. A lura da kyau, ragar da ke lulluɓe da polima mai zama daram ce ta fi tsirarar ƙarfe aminci. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun ba da dalilin: wasu shafe-shafen ba sa barin ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini su manne kamar yadda suke manne wa ƙarfe. A 2011 aka daina ƙera Cypher. Duk wanda ke tsorata mutane da polima a yau, da labarin Cypher yake tsorata su, ko ya sani ko bai sani ba.

Gida na farko kuwa ya tarar aikin ba sauƙi. Tun a 2004 gwajin DELIVER ya jarraba shafa magani kai tsaye a kan ƙarfe, kan majinyata sama da dubu, bai cim ma abin da aka sa gaba ba. A Munik, gwajin ISAR-TEST 3 ya tarar ragar sirolimus marar polima ta bar nama ya tsiro ninki biyu na abin da mai polima ta bari. Maganin ne ke guduwa da wuri. Sai aka shiga dabaru. Ragar BioFreedom an kankare bayanta ya yi kaushi, aka shafa mata bayolimus, maganin da ke son kitse ƙwarai, don ya nutse cikin bangon jijiya. Cikin wata guda kusan duka ya bar ƙarfen. Ragar Cre8 an yi mata 'yan ramuka a bayan sanduna, aka cika su da sirolimus haɗe da wani sinadarin mai. Wata sabuwa ta Munik kuwa an haɗa sirolimus da wani magani mai suna furobukol don ya rage masa sauri. Ashe dai kowacce sai da ta nemo abin da zai yi mata aikin polima. Kuma uku ne mabambanta a ƙarfe, a kauri, a magani, a saurin saki. Haɗa su a suna ɗaya a yanke musu hukunci ɗaya kuskure ne, ko yabo ne ko suka.

Inda raga marar polima ta yi abin da ba zan daina yaba mata ba shi ne wajen tsofaffi da raunana. A ce ga dattijuwa mai shekara 79, tana shan warfarin saboda rikicewar bugawar zuciya, ƙodarta ta yi rauni, jininta ya yi ƙasa, ga kuma jijiyar zuciya ta tsuke. Idan an saka mata raga mai magani, ƙa'idar da aka bi bayan 2006 ta ce sai ta ƙara da asfirin da kulofidogirel tsawon shekara. Magungunan tsinka jini uku ke nan a jikin da ko ɗaya ma da kyar yake ɗauka. Za a iya wayar gari ta fara baƙin bayan gida, ko ta zame a banɗaki jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Idan kuma an dakatar da maganin da wuri, ga fargabar gudan jini. Gaba kura, baya siyaki. Mafitar da likitoci suka daɗe suna bi ita ce su saka wa irinta ragar ƙarfe zalla da magani na wata ɗaya, su haƙura da sake tsukewa. Wato mafi rauni a cikin majinyata su ake ba mafi ƙarancin inganci, kuma kusan duk manyan gwaje-gwaje cire su suke yi daga lissafi.

Gwajin LEADERS FREE, wanda Philip Urban ya jagoranta aka wallafa a 2015, shi ya kawo ƙarshen wannan. An ɗauki mutum 2,466 masu haɗarin zubar jini, matsakaicin shekarunsu kusan 76, aka raba su tsakanin BioFreedom da ƙarfe zalla, kowa ya sha magani biyu na wata ɗaya tak. Bayan kwana 390, mutuwa sanadin ciwon zuciya, bugun zuciya ko gudan jini sun sami kashi 9.4 na masu BioFreedom da kashi 12.9 na masu ƙarfe zalla. Komawa a sake buɗe wurin ya sami kashi 5.1 da kashi 9.8. Wannan nasara ce sak. A 2018 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta ba da shawarar a riƙa saka raga mai magani ga kowane majinyaci, komai gajartar lokacin da zai iya shan magani. Dubban tsofaffi sun amfana, kuma kamfanin da ya yarda ya gwada kayansa a kan mutanen da kowa ke gudu ya cancanci a faɗi alherinsa.

Amma fa da ƙarfe zalla aka kara. Gwajin ya tabbatar raga mai magani ta fi marar magani. Bai taɓa tambayar ko rashin polima ne sirrin ba. Tambayar nan sai a 2020 aka amsa ta, a gwajin ONYX ONE na Stephan Windecker da abokan aikinsa. Mutum 1,996, irin waɗancan raunanan, magani biyu na wata ɗaya, BioFreedom a gefe guda, Resolute Onyx mai polima mai zama daram a ɗaya gefen. Sakamako: mutuwa sanadin ciwon zuciya, bugun zuciya ko gudan jini sun sami kashi 16.9 na masu BioFreedom da kashi 17.1 na masu Onyx. Kunnen doki. (Alƙaluman sun yi sama ne don an ƙirga har ƙananan raunukan zuciya da gwajin jini ke nunawa a lokacin aikin.) Gudan jini a cikin raga ya sami kashi 1.3 na masu polima da kashi 2.1 na marasa ita, ratar da ba ta kai a kafa hujja da ita ba, amma dai ba ta karkata inda masu tsoron polima suka zata ba. Gwajin STOPDAPT-2 a Japan da Xience, da MASTER DAPT da raga mai polima mai narkewa, duk sun nuna ana iya gajarta magani biyu zuwa wata ɗaya a majinyatan da suka dace. Gatan da aka ɗauka na raga marar polima ne ita kaɗai, ashe na ragogin zamani ne da dama.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne SORT OUT IX na Denmak. Can suna da wata ɗabi'a mai kyau: kusan duk wanda ya zo a saka masa raga ana iya shigar da shi gwaji, ba tare da tace mutane ba, sannan a bi sawunsa ta kundin lafiya na ƙasa. Sun raba mutum 3,151 tsakanin BioFreedom mai sandunan baƙin ƙarfe masu maikuron 120 da Orsiro mai polima mai narkewa da sanduna sirara, maikuron 60 a ƙananan ragogi. Bayan shekara, mutuwa sanadin ciwon zuciya da bugun zuciya ba su bambanta ba. Amma komawa a sake buɗe wurin ya sami kashi 3.5 na masu BioFreedom da kashi 1.3 na masu Orsiro, har BioFreedom ta kasa cika ma'aunin da aka gindaya na cewa ba ta gaza abokiyar karawarta ba. Mai kare ta zai ce laifin kaurin sanda ne, kuma kamfanin ya fitar da sabuwa mai sirarran sandunan kobal. Na yarda, mai yiwuwa haka ne. Amma wannan amsa ita kanta tana nufin kaurin ƙarfe ya fi rashin polima tasiri, wanda shi ne abin da nake faɗa tun farko. Wani nazari da ya haɗa gwaje-gwaje goma, majinyata sama da 11,000, ya tarar ragogi masu sanduna mafi sirantaka sun rage matsala da kusan kashi 16 cikin 100 idan an gwada da ragogin zamani masu ɗan kauri.

Hujja mafi ƙarfi da ta rage wa ɗaya ɓangaren ita ce ta dogon lokaci. Suna cewa shekara ɗaya ba ta isa ba. Illar polima a hankali take cin jijiya, sai bayan shekara biyar ko goma za a ga bambanci. Magana ce mai ma'ana, musamman ga mai shekara 45 da zai rayu da ragar shekara talatin ko fiye. An kuwa jira. Gwajin ISAR-TEST 5 a Jamus ya raba mutum 3,002 tsakanin ragar sirolimus da furobukol marar polima da ragar Resolute mai polima mai zama daram, aka bi su shekara goma. Mutuwa sanadin ciwon zuciya, bugun zuciya daga jijiyar ko sake buɗe wurin sun sami kashi 43.8 da kashi 43.0. Gudan jini bai kai kashi 2 ba a kowane ɓangare. Ribar da aka ce tana nan tafe ba ta iso ba. Na ga kuma ya kamata a karanta sakamakon ta ɗaya fuskar: ragar nan marar polima ta tsaya daram shekara goma, babu wanda ke ɗauke da ita da ya kamata ya tashi hankalinsa. Abin da ya fi ɗaga mini hankali a alƙaluman shi ne girmansu a ɓangarorin biyu. Sama da mutum huɗu cikin goma sun gamu da matsala, kowace irin raga aka saka musu.

Ba wannan ne karon farko da tunani mai daɗin ji ya sha gaban hujja a wannan fanni ba. Ragar Absorb an ƙera ta ne don ta narke gaba ɗaya cikin kimanin shekara uku, kada a bar komai a jijiya. Amurka ta amince da ita a Yulin 2016. Gwajin AIDA a Holan ya tarar gudan jini ya sami kashi 3.5 na masu ita cikin shekara biyu, da kashi 0.9 na masu Xience. A Satumbar 2017 aka daina sayar da ita. Mutane na gaske ne suka kwanta aka saka musu ita, saboda an gamsu da cewa abin da ya ɓace ya fi abin da ya zauna.

Ina da ƙorafi a kan yadda ake gwajin nan gaba ɗayansa, kuma ya shafi kowane ɓangare. Yawancin gwaje-gwajen an tsara su ne don a nuna sabuwar raga ba ta gaza tsohuwa da yawa ba. Ana ware wani gibi tun farko, a ce in dai ba ta faɗa ƙasa da shi ba ta ci. Sannan ana cusa mutuwa, bugun zuciya da sake aiki cikin ƙidaya guda, alhali a wurin majinyaci ba ɗaya suke ba. Kuɗin kuma galibi daga masu ƙera ragar yake fitowa. ONYX ONE kamfanin Medtronic mai Resolute Onyx ne ya ɗauki nauyinsa, LEADERS FREE kuma Biosensors mai BioFreedom. Ba ina cewa an yi maguɗi ba ne, manyan masana ne suka gudanar da su a bainar jama'a. Amma mai biyan kuɗi shi ke zaɓar tambaya da abokin karawa. Saboda haka nake ganin hukumomin da ke ba da lasisi bai kamata su bar wani kamfani ya jingina aminci da rashin polima ko samuwarta ba, sai dai ya faɗi sunan ragarsa, wadda aka gwada ta da ita, a kan su wa, da abin da aka samu. Asibitin da ke sayen raga ma da wannan ma'aunin ya kamata ya saya.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wannan muhawara ke cinye 'yan mintunan da iyali ke samu da likita. Ɗa zai tare shi a ƙofar ɗakin aiki ya ce, "Likita, don Allah a saka wa Baba wadda ba ta da robar nan, mun ji an ce ta fi." Likita ya ɓata lokaci yana bayani, a rabu ba a taɓo tambayar da ran Baba ya rataya a kanta ba: wane magani zai sha, har zuwa wace rana, kuma wa za a kira kafin a tsayar da shi? A wani bincike a Amurka kan mutum 500 da aka saka wa raga mai magani bayan bugun zuciya, kusan ɗaya cikin bakwai ya daina shan maganin kafin kwana 30. A watanni 11 da suka biyo baya kashi 7.5 na waɗanda suka daina sun rasu, a kan kashi 0.7 na waɗanda suka ci gaba. Zamanin tsofaffin ragogi ne, kuma waɗanda suka daina da ma sun fi tsufa da rauni, amma babu wani gwajin polima da ya taɓa nuna rata ko kusa da wannan. Mutum ya ji sauƙi ya ajiye ƙwayar, ko za a cire masa haƙori wani ya ce ya dakata mako guda ba tare da an tuntuɓi likitan zuciya ba, ko maganin ya ƙare a ƙarshen mako a ce sai Litinin. Watan farko ba ya ɗaukar irin wannan, ko da wace raga ce. Har ina tsoron kada jin cewa raga ba ta da polima ya sa wani ya ɗauka an sauke masa nauyin magani.

Sai yadda aka saka ta. Hoton da likita ke gani a allo inuwar jijiya ce kawai. Raga na iya bayyana lafiya lau a inuwa, alhali ba ta buɗe sosai ba saboda sinadarin kalsiyam da ya taurare a bango kamar ƙashi, ko ta yi wa jijiyar kaɗan, ko bakinta ya sauka a kan kitse. Akwai 'yar na'urar da ake zurawa a kan wayar nan ta ɗauki hoton jijiya daga ciki, da sauti ko da haske. A Koriya ta Kudu, gwajin RENOVATE-COMPLEX-PCI na 2023 ya raba mutum 1,639 masu toshewa mai wuya: waɗanda aka duba ta ciki kashi 7.7 ne suka sami matsala cikin kimanin shekara biyu, waɗanda aka dogara da inuwa kaɗai kashi 12.3. Ga tambayar da ta cancanci a tare likita da ita a ƙofa.

Akwai ma wadda ta riga su duka, wato ko ana bukatar ragar. A bugun zuciya babu ja, buɗe jijiya da gaggawa na ceton rai, kuma duk ragar zamani da ke kusa ita ce daidai; kada wani ya jinkirta aiki don neman wani nau'i. Amma ga mai ciwon ƙirjin da ya daɗe a yanayi ɗaya, gwajin ISCHEMIA mai mutum 5,179 ya nuna gaggauta buɗe jijiya bai rage mutuwa ba idan an gwada da farawa da magani, ko da yake ya fi rage ciwon. Raga santimita biyu ko uku take gyarawa a cikin cutar da ta bi jijiyoyi duka. A binciken PROSPECT, kusan rabin matsalolin da suka taso cikin shekara uku daga wani wuri dabam suka fito, inda ba a saka komai ba. Can maganin rage kitsen jini ne ke aiki, da saukar da hawan jini, da barin taba.

Wuri ɗaya ya rage da nake ganin raga marar polima na iya fin takwarorinta, kuma ina so a bi shi da gaske. Masu ciwon suga su ne suka fi kowa shan wahalar sake tsukewa. Jijiyoyinsu ƙanana ne, toshewarsu doguwa, naman kuma ya fi saurin tsiro. A Sifen, gwajin SUGAR ya raba masu ciwon suga 1,175 tsakanin Cre8 EVO da Resolute Onyx. A shekarar farko matsala ta sami kashi 7.2 na masu Cre8 da kashi 10.9 na masu Onyx. A shekara ta biyu ratar ta ragu har ba ta kai a kira ta fifiko ba. Ko da ribar ta gaske ce, tana iya zama daga man da aka haɗa da maganin, wanda ake zaton yana taimaka masa shiga ƙwayoyin jikin mai suga, ba lallai daga rashin polima ba. Mutum dubu da 'yan kai ba su isa yanke wannan hukunci ba. Ana bukatar gwaji mai masu ciwon suga dubbai, a kara Cre8 da raga mafi sirantar sanduna da ake da ita, a duba kowace jijiya ta ciki lokacin sakawa don kada hannun likita ya rikita lissafi, a ƙirga mutuwa da bugun zuciya dabam da sake aiki, a bi mutanen aƙalla shekara biyar. Ƙasashen da ke da kundin lafiya irin na Denmak da Suwidin za su iya yin sa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, kuma ma'aikatun lafiya ne ya kamata su biya, tun da su ke ɗaukar nauyin duk mai sugan da ya dawo a sake buɗe masa jijiya.